Baƙon Wata da Karatun 'Ya'ya Mata: Tambayoyi da Amsoshi Daga Legas

Ina koyarwa a wata Islamiyyar mata a Agege. Duk malamar da ta daɗe tana riƙe rajista ta san akwai sunayen da kowane wata sai an ja musu layi kwana uku ko huɗu a jere. Ka aika a tambaya, a ce zazzaɓi ne. Zazzaɓin da ya iya lissafin wata! Jinin al'ada ne kawai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi sha daga iyaye mata da 'yan mata, da wasu 'yan kasuwa maza da suka cije suka ajiye kunya. Wasu kan yaranmu na nan Ikko ne, wasu kan na ƙauyukan gefen jihar, wasu kuma kan na gida Arewa, inda kusan kowannenmu yake da ƙanwa ko 'yar ɗan'uwa da yake aika wa kuɗin makaranta.

Malama, ai iyayenmu da ƙunzugu suka yi zamaninsu lafiya. Me ya kawo surutu yanzu?

Gaskiyarki, Hajiya, kuma ƙunzugu ba abin raini ba ne. Amma tuna yadda Inna ta yi nata. Tana cikin gida, bayi na kusa, randa cike da ruwa, ga igiya a bayan ɗaki inda ba namijin da ke leƙawa. Da ta ji ya jiƙe sai ta tashi ta canza, ta wanke ta shanya. 'Yarki kuwa ta fita tun bakwai na safe, ba za ta dawo ba sai azahar ta gota. Benci ɗaya suke zaune su huɗu, yunifom ɗinta mai haske ne, kuma in malami ya kira ta gaban allo dole ta miƙe ta juya wa aji baya. Tsumman da ya ishi Inna awa biyu ba zai kai wannan yarinya lokacin tashi ba.

Abu huɗu take bukata: abin tare jinin, ruwa da sabulu, wurin da za ta rufe ƙofa ta canza, da sanin abin da ke faruwa a jikinta. In ɗaya ya faɗi, zaman gida ya fi mata sauƙi. Masu ƙungiyoyi suna kiran wannan talaucin al'ada. Mu a unguwa cewa muke yi ba ta da na auduga, ko da yake sau da yawa ba kuɗin kaɗai ne babu ba.

Ana ta cewa karkara. Ina ruwan Legas da karkara?

Wanda bai wuce Obalende da Mile 12 ba shi ke zaton Legas duk gada ce da bene. Bi hanyar Epe, ko ka wuce Alaba Rago ka nufi Badagry, ko ka kutsa lungunan Ikorodu da Ibeju-Lekki. Akwai garuruwan da sai da kwalekwale ake shigarsu, kemis mafi kusa ma tafiya ce. Mutanenmu suna waɗannan wurare, masu lambu da masu dabbobi da masu gadi, da iyalansu.

Cikin birnin ma ba a tsira ba. Gidan haya mai ɗakuna a jere, magidanta goma banɗaki ɗaya, da safe layi. Ruwa sai an saya jarka-jarka a wurin ɗan garuwa, wanda shi ma namu ne, har Yarbawa suka ari sunansa suna kiransa mai ruwa. A irin wannan gida, ina yarinya za ta shanya tsumma? Tsakar gidan na kowa ne. Ƙarƙashin katifa take cusa shi da danshinsa, gobe ta sake ɗaurawa.

Me ya sa audugar mata ta yi tsada haka?

Kayan da ake haɗa ta da su, yawancinsu daga waje ake shigo da su da dala. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin sufuri da na kaya suka tashi tare. Kafin 2024 ta ƙare hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A Disambar 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai audugar Always, ya sanar zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su. A 2024 kuma Kimberly-Clark, mai Kotex, ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu, wadda a 2022 ne ma aka buɗe ta. A ƙofar gidanmu abin ya faru.

Gwamnati ta taɓa yin wani abu: Dokar Kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a farkon 2020, ta ɗauke harajin VAT daga audugar da aka yi a cikin gida, a daidai lokacin da ta ɗaga harajin sauran kaya daga kashi 5 zuwa 7.5. Sauƙin nan faɗuwar naira ta haɗiye shi ba tare da mai saye ya ji ɗanɗanonsa ba.

Ga lissafin da ya kamata kowane magidanci ya yi. Ana so a canza duk bayan awa huɗu zuwa shida, wato guda uku ko huɗu a yini. A kwana biyar ya zama 15 zuwa 20. Ƙaramin fakiti bai cika wuce guda goma ba, ke nan fakiti biyu ga mace ɗaya. Gidan da ke da uwa da 'yan mata uku, fakiti takwas ne kowane wata, kuma wata ba ya fashi.

Don ta zauna gida kwana uku, wace asara aka yi?

Kwana uku sau wata tara na karatu, kwana 27 ne a shekara. Fiye da mako biyar na makaranta. A shekara shida na sakandare ta yi asarar abin da ya kusa shekarar karatu guda. Kuma darasi ba ya jiran kowa: ranar da ta dawo an wuce babin da ake gina na gaba a kansa. Jarabawar WAEC da NECO ba sa ɗaga rana don wata tana fashin salla. In sakamako ya fito ba kyau, sai a ce ba ta da kai, gara a yi mata aure. Na ga yaran da aka yanke wa wannan hukunci alhali ƙwaƙwalwarsu ras take.

Wadda ta daure ta zo ma, rabin hankalinta na kan bayan siket ɗinta. Ba ta ɗaga hannu, ba ta fita tara, ba ta shan ruwa don kada fitsari ya kai ta banɗakin da ba ƙofa.

Ni uba ne. Wannan ba maganar mata ba ce?

Alhaji, maganar ta mata ce, amma aljihun naka ne. Ba wanda ya ce ka zaunar da 'yarka ka yi mata bayani. Ko ka so, ita ba za ta iya ɗaga kai ba. Abin da ake nema a wurinka ya fi haka sauƙi. Kai ne kake ba da kuɗin cefane, kuma ka san shinkafa, ka san manja, ka san omo da gawayi. Auduga ta shiga wannan sahu. Ka ware kuɗinta a farkon wata ka miƙa wa uwar ɗaki ba tare da an roƙe ka ba, ka ce na yara ne. Za ta gane.

Na nanata “ba tare da an roƙe ka ba” saboda a nan gizo yake saƙar. Uwa ta tambaye ka sau ɗaya ka ce “kuɗin me kuma?”, ba za ta sake ba. Daga kuɗin miya za ta tsakura, in bai kai ba ta ce wa yarinyar ta nemi tsumma. Kai kuma kana kasuwa kana ganin ka sauke nauyin gida. Mutumin da ke sayen tireloli na albasa ba kuɗin fakiti biyu ne ya gagare shi ba. Ba a taɓa gaya masa ba ne, shi kuma bai taɓa tambaya ba.

In kana da mata fiye da ɗaya, lissafa 'yan matan kowane ɗaki. In akwai marainiya ko 'yar riƙo a gidanka, da ita za ka fara, don ita ce ba ta da wanda za ta raɗa wa.

'Yar fari ce, ina jin nauyinta. Wa zai gaya mata, kuma yaushe?

Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma al'adar da ta hana ki magana ita ce ta tanadi goggo da inna da kaka da yaya. A gida Arewa suna nan cikin gida ɗaya. A Legas kuwa goggon tana Daura ko Haɗeja, sai kowa ya yi shiru. Ki zaɓi mace ɗaya da kika amince da ita, ko malamar Islamiyyarta, ki ɗora mata.

Yawanci jinin farko yana zuwa tsakanin shekara 10 da 15, don haka a yi maganar tun tana tara ko goma, ko da an ga ƙirji ya fara tasowa. Kada bayanin ya tsaya a “kin girma, in namiji ya taɓa ki ciki ne”. Da yawanmu wannan kaɗai aka ba mu, muka kwana muna kuka. A gaya mata ba ciwo ba ne, yana yin kwana biyu zuwa bakwai, a shekarun farko yakan yi wasa da lokaci, ga yadda ake sa auduga, ga yadda ake wankan tsarki, ga kuma wadda za ta nema in ya zo mata a makaranta. A sa mata auduga ɗaya da ɗan kamfai a leda cikin jakarta tun kafin ranar.

In kuɗin ba su kai ba, tsumma yana da illa? Audugar da ake wankewa fa?

Tsumma mai tsabta ba ya cutarwa. Wanda bai bushe ba, ko wanda aka yini da shi ba canji, shi ke kawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi da wari. A nemi yadin auduga mai taushi, tsohon zanin atamfa da ya sha wanki ya yi. A guji mai santsi irin na roba, da katifa da aka yayyanka, da takarda. A fara jiƙa shi a ruwan sanyi, don ruwan zafi dafa jini yake yi a jikin yadi, sannan a wanke da sabulu a shanya a rana. In kunyar idon maƙwabta ce, a rufa masa siririn mayafi a kan igiya; rana za ta ratsa. Babbar daminar Legas kuwa, daga Afrilu zuwa Yuli, sai kaya su kwana biyu ba su bushe ba, don haka a bi shi da dutsen guga mai zafi kafin a ajiye.

Audugar da ake wankewa ƙunzugu ne da ya je makaranta. Sama yadi mai taushi, tsakiya tawul ninki biyu ko uku, ƙasa ƙyalle mai hana ruwa wucewa, sai fukafukai da maɓalli da ke kama ɗan kamfai. Duk macen da ta iya keken ɗinki za ta koya a yini ɗaya. Guda shida zuwa takwas sun ishi yarinya, kuma in ana kula da su sukan haura shekara. Ni ita na fi ba da shawara ga ƙauyen da ke da ruwa. Inda ruwa ke wahala kuwa, kai wa yarinya mai wankuwa ba tare da sabulu da bokiti ba ƙarin aiki ne aka ɗora mata. Kar a manta da 'yar jaka da za ta sa wadda ta cire har ta dawo gida.

Akwai kuma ɗan kofin roba mai laushi da ake sakawa ciki, a zubar a wanke, a tafasa shi ƙarshen wata; yana yin shekaru. Ga matan aure yana da rangwame sosai. Ga budurwa, iyayenmu ba za su karɓa ba saboda batun budurci, ni kuma ba na ɓata bakina a kan abin da zai sa a rufe mini ƙofa gaba ɗaya.

Ciwon mara yana kwantar da ita. Me za a ba ta?

Ruwan ɗumi a gora a naɗe da zani a ɗora a mara, da ɗan tattaki, suna taimakawa. Farasitamol ko ibufurofen ma haka, amma shi na biyun sai an ci abinci, kuma mai gyambon ciki ta guje shi. Jiƙon kanwa da haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda, ban yarda da su ba. Wanka kuwa ta yi abinta, ba abin da yake hanawa.

A kai ta asibiti in jinin ya wuce kwana bakwai, ko tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko tana jiri idonta ya yi fari, ko ciwon ya ƙi jin magani, ko ya ɗauke wata uku, ko ta cika 15 ba ta fara ba. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa a fara da shi. Wake, zogale, alayyahu, hanta da kifi suna mayar da jinin da ake rasawa.

In ba ta salla, ta daina zuwa Islamiyya ke nan?

A'a. Ahalarin da muka karanta tun muna yara ya lissafa abin da aka hana mai haila: salla, azumi, ɗawafi, taɓa Mus'hafi da shiga masallaci. Ya ce ta rama azumi ban da salla, ya kuma ce karatunta ya halatta. Malaman Malikiyya har sun sassauta wa ɗaliba da malama wajen riƙe allo ko Alƙur'ani don koyo. Hadisi da fiƙihu da sira kuwa ba ma maganarsu. In a cikin masallaci ake darasin, a shimfiɗa tabarma a baranda ba tare da an yi shela ba.

A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya ce wa Nana A'isha ta miƙo masa tabarmar salla, ta ce tana haila, ya ce hailarki ba a hannunki take ba. Ke nan masu cewa kada ta yi girki, kada ta taɓa tulu, su nemi wani dalilin, ba addini ba.

Me ya kamata mu nema daga makarantar boko?

Banɗakin mata daban da na maza, da ƙofa mai sakata daga ciki, da ruwa a ciki ko da bokiti da buta ne, da kwandon shara mai murfi. Sai malama mace guda da kowace yarinya ta san tana ajiye da auduga da zani na ko-ta-kwana, da kuma izinin fita ba sai an yi wa malami namiji bayani a gaban aji ba. Sakata ba ta kai kuɗin katin waya ba, amma na shiga makarantun da aka yi wa fenti har katanga, ƙofar banɗakin mata kuwa da dutse ake tokare ta.

Wurin kai wannan magana shi ne taron iyaye da kwamitin SBMC, wanda ke haɗa makaranta da mutanen gari. Laifinmu a nan Legas shi ne ba ma zuwa taron. Mun bar wa Yarbawa da Inyamurai kujeru, mu sai dai a ba mu labari. Masu yara a gida kuma su tambayi labarin shirin AGILE, na Bankin Duniya da gwamnatin tarayya, wanda aka amince da shi a 2020 ya fara da jihohi bakwai: Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti, daga baya aka ƙara wasu. Gyaran ajujuwa da banɗakuna a sakandaren 'yan mata yana cikin aikinsa, kuma ta hannun irin waɗannan kwamitoci kuɗin ƙananan gyare-gyare ke bi.

Ai ƙungiyoyi suna raba auduga kyauta. Bai wadatar ba?

Allah ya saka musu. Yawanci ranar 28 ga Mayu ake yi, Ranar Tsabtar Al'ada ta Duniya, wadda ƙungiyar WASH United ta Jamus ta faro a 2014. 28 don kwanakin zagayowar al'ada, Mayu kuma wata na biyar don kwanakin jinin. A zo da rumfa da lasifika, a ba kowace yarinya fakiti ɗaya, a ce ta ɗaga sama a ɗauki hoto. Fakitin ya ƙare kafin 2 ga Yuni, baƙo kuma zai dawo sau goma sha ɗaya kafin rumfar ta dawo. Hoton nan ma yana ci mini rai: yarinyar da ke ɓoye abin ga ubanta, ga ta a Facebook.

Inda aka ɗauki abin da gaske, doka aka yi. Kenya ta cire harajin auduga tun 2004, a 2017 kuma ta wajabta wa gwamnati raba ta kyauta ga ɗaliban makarantun gwamnati, ko da yake kaiwa ƙauyuka yakan yi tangal-tangal. Sukotland ta zartar da dokar bayar da ita kyauta ga duk mai bukata a 2020, ta fara aiki a 2022. Kafin namu 'yan majalisar su waiwayo, abin da na ga yana ɗorewa shi ne adashe: mata goma ko ashirin su zuba kaɗan-kaɗan, a sayo katan a farashin sari a Oke-Arin, a raba, a ware wani abu a akwatin malama don marayu.

Da gaske ne wasu 'yan mata wurin samari suke samun kuɗin?

Da gaske ne. Wata daga kuɗin talla take cirewa ta sha duka a gida, wata kuɗin tara take tarawa ta yini da yunwa, wata kuma mai zuwa zance ne yake ba ta. Shi kuma ya san abin da ya saya.

Ina so in taimaka wa yaran ƙauyenmu daga nan. Me zan aika?

Kada ka cika mota da katan-katan daga Legas. Kuɗin dako zai cinye rabi, alhali ana samunta a sari a Kasuwar Singa ta Kano. Nemi mace guda mai amana a garin, malama ko ma'aikaciyar asibiti ko ungozoma, ka fara tambayarta: akwai ruwa a makarantar? Banɗakin yana da ƙofa? Yara nawa ne suka balaga? Amsarta ce za ta gaya maka ko auduga za a saya ko kafinta za a kira.

In da ruwa, sayi yadi da tawul a Kantin Kwari a ba matan garin masu keke su ɗinka, ka biya su ladan aikinsu. Kuɗin ya zauna a garin, in ta tsufa kuma sun san yadda za su sake wata. Haɗa da sabulu da ɗan kamfai uku-uku. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, kuma na sha jin an kai auduga ga yaran da ba su da abin da za su maƙala ta a jiki. Sannan ka yi alkawarin abin da za ka iya kowane zango, ko kaɗan ne, maimakon babban rabo sau ɗaya da sallah. Ƙungiyoyin 'yan gari da muke da su a Agege da Idi-Araba suna tara kuɗin gyaran masallaci da maƙabarta. Wannan ma zai iya shiga takardar.

Wadda aka yi amfani da ita, ina za a jefa?

Ban da masai mai ruwa, toshe shi take yi, kuma a gidan haya kin san rigimar da ke biyo baya. Ban da kwata da lagun. A naɗe ta a ledarta ko a takarda, a ƙulle, a sa a shara motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, ta kwashe. Da yawan matanmu sai sun wanke jinin kafin su yar, wasu don tsabta, wasu don tsoron masu tsafi. Ba laifi in akwai ruwa, amma kada a wajabta wa yarinya haka a makaranta har ta gwammace ta yini da guda ɗaya. A ƙauyen da ba motar shara, a haƙa rami mai ɗan zurfi nesa da rijiya a binne, ko makaranta ta ware tsohuwar ganga a bayan gari a riƙa ƙonawa bayan an tashi, inda hayaƙin ba zai bi ta kan gidaje ba.